Yayen Fata

"Sake taɓawa, Malam. A'a, ba nan ba, can bisa mahon."

Malam Atiku, malamin asibitin Tambuwal, ya ajiye kwanon auduga, ya dangwala yatsa a kan fatar da aka ɗinke a ƙwaurin Maccido na hagu. Maccido ya rufe ido, sannan ya ƙyalƙyale da dariya har gadon ƙarfen ya yi ƙara.

"Ikon Allah! Hagu ka taɓa, ni ko ga dama nika ji. Wallahi ga dama, nan bayan ƙwauri."

"Baba Maccido, tun ranar da aka yi maka aikin nan kullum sai ka sa ni wannan, amsar kuma ɗaya ce. Ba ka gajiya?"

"In gaji da mi? Tun da anka haife ni ba a taɓa dangwala ni gabas na ji yamma ba. Yau ko za a raba su, bari in ƙara ji."

Duk wanda ya leƙo ɗakin nan sai ya ja da baya ya sake leƙowa. Dattijo ne kwance rigingine, ƙafarsa ta dama a gicciye kan ta hagu, an ɗaure su da filasta a gwiwa da idon sawu, sun zama abu guda. A tsakiya an bar taga, ta nan ake ganin abin mamakin. An yanko fata daga sharaɓar dama, wato tsokar bayan ƙwauri, ta gefe uku, an bar gefe na huɗu manne da inda Allah ya halicce shi, sannan aka shimfiɗo ta aka ɗinke a kan gyambon ƙwaurin hagu. Faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Kusan wata guda ke nan Maccido na kwance a haka, ba tashi ba juyi, sai abin da 'yarsa Bara'atu ta yi masa.

Shi dai Maccido mahauci ne, ɗan mahauci, daga Kebbe. Wani bajimi ne ya ƙuje masa ƙwauri da ƙaho ranar kasuwa, 'yar ƙujewa wadda ko waiwayarta bai yi ba. Ta ƙi warkewa. An sa garin magani, an sa ganye, wanzami ya yi nasa, ciwon sai faɗi yake yi yana zurfi, har ya zama gyambo mai wari, har farin ƙashi ya fara leƙowa. Masu sayen nama suka riƙa gaishe shi daga nesa suna wucewa rumfar gaba. Ba ka ga laifinsu ba kuwa, wa zai sayi nama a hannun mutumin da nasa naman ke ruɓewa? Da rani ya shiga aka ji cewa wani likita Bature ya sauka a barikin Tambuwal da ayarinsa, suna yi wa mutane allurar ciwon tunjere. Ƙanensa Almu ya ɗora shi a jaki. Bara'atu, da yake uwarta ta rasu, ta baro gidan mijinta a Fakku, ta bar 'ya'yanta wurin surukarta, ta bi bayansu da kayan tuwo a ka.

Likitan, wanda mutanen gari suka sa wa suna Mai-lofe don ba ya rabuwa da lofen tabarsa, ya yi ta yi masa allurar fanisilin ana wanke gyambon, har wari ya ɗauke, nama ya yi ja. Sannan ya ce wurin ya yi faɗi, ba zai rufe da kansa ba, in kuma aka bar ƙashi a buɗe sai an kai ga yanke ƙafar. Zai yanko 'yan ƙananan fatu daga cinya ya dasa a kai, kamar dashen albasa. Aiki ne mai sauƙi, in ji shi, in bai kama ba a sake.

A nan fa Maccido ya turje.

"Malam, gaya mashi," ya ce wa Malam Atiku, "abin da anka yanke daga jikin mai rai mushe na. Ko tozon sa, ko jelar rago, in ka yanke shi dabba na numfashi, sai dai a ba kare. Ni da ban taɓa sayar ma Musulmi da mushe ba, a liƙa mani shi ga jiki in riƙa salla da shi? A kai ni kabari da shi?"

Malam Atiku ya so ya tausasa maganar kafin ya juya ta zuwa Turanci, amma Mai-lofe yana jin Hausa daidai gwargwado, ya kuwa cafke kalmar. Ya zauna a bakin gado, ya zare lofe daga baki, ya ce, "Mushe. Mene ne mushe?" Shi ke nan, an gamu. Suka cinye hantsi guda, Bature na tambaya mahauci na amsawa, mahauci na tambaya Bature na amsawa, ba ka iya cewa ga wanda ya fi wani son jin ƙwaƙwaf. Daga ƙarshe likita ya ce, "To, idan ban yanke duka ba fa? Idan fata tana nan tare da uwa tata, tana shan jini, har sabuwar ƙafa ta karɓe ta?"

Maccido ya juya maganar ta kowace fuska, ya ga ba inda mutuwa za ta shiga. Likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce wannan hanya ta fi waccan wuya nesa ba kusa ba, mutum zai kwanta a ɗaure har ya tsani gado. In kuma fatar ta mutu ranar rabuwa, babu sakewa, ƙashin ba zai ƙara jira ba, sai a kai shi Sakkwato a yanke ƙafar. Maccido ya tura Almu Kebbe ya tambayo Liman, aka tarar Liman ya yi tafiya, likita kuwa ya ce ciwon ba ya jiran kowa. Maccido ya ce a yi. Maganar gaskiya, ba tsoron Allah kaɗai ya sa shi amincewa ba, yana kuma ƙaiƙayin ganin yadda ƙafa za ta shayar da 'yar'uwarta.

Bara'atu ce ta sa wa abin suna. A 'yan kwanakin nan ta ga Malam Atiku na ɗaure gindin fatar da roba kowace safiya, yau kaɗan, gobe ya ɗan daɗe, wai don ta koyi shan jini daga hagu ta rage dogaro da dama. Ta kama baki ta ce, "Af, ashe yaye kuka yi mata!" Tun daga ranar har likita yaye yake cewa. Yau da sassafe ma sai ga ta da ƙoƙon rubutu daga wurin wani malami a cikin gari, irin wanda ake ba yaro ya manta da nono. Da ta rasa bakin fatar, sai ta ɗura wa ubanta.

Malam Atiku na cikin jera almakashi da zare a faranti aka yi sallama. Almu ne, ƙafafu butu-butu, da alama tun jiya yake tafe. Ya durƙusa ya gaida wansa, aka tambayi gida da dabbobi, aka tambayi gajiyar hanya. Bara'atu ta kawo masa ruwa ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, Liman ya dawo. Na kai mashi maganarka."

"To, mi yac ce?"

Almu ya sosa ƙeya. Ya dubi filastar, ya dubi rufin ɗaki. Mutum ne da Allah bai ba shi dabarar kewaye magana ba, ga shi kuma ya fara gane cewa ya zo a mummunar rana.

"Dariya ya fara yi, Yaya."

"Dariya?"

"Ya ce hukuncin da kaka faɗi gaskiya na, amma na dabba na. Ɗan Adam Allah ya girmama shi, raye ko mace, ba shi zama mushe. Ya ce ka bari a dasa maka, ka yi sallarka, babu komi."

Malam Atiku ya duƙufa kan farantinsa yana gyara abin da ya riga ya gyara.

"Wato Baba," in ji Bara'atu daga ƙofa, a hankali, "da an yi wancan mai sauƙin..."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma bukatar ƙarasawa. Ita ce ke tallafo shi ta sa masa fo ya yi bayan gida ta fitar. Ita ke shafa masa man shanu a baya inda gado ya cinye shi, ita ke miƙo masa dutsen taimama, ita ke kwana a rumfar bayan asibiti tana tunanin 'ya'yanta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓata fuska ba, domin ta ɗauka Baba don addininsa yake shan wannan wuya. Ta juya ta fita. Jim kaɗan aka ji dakan turmi daga bayan ɗaki, daka mai ƙarfi fiye da abin da geron fura ke bukata.

"Ko a kwance ɗaurin a koma ga na farkon?" in ji Almu.

"An wuce nan, Baba Almu," in ji Malam Atiku.

Kunya ta rufe Maccido, tsoro ya biyo bayanta, tsoro na gaske wanda bai ji irinsa ba tun da ya zo garin nan. Da, yana da abin da yake rarrashin kansa da shi: in ƙafa ta tafi, don Allah ta tafi, zai tarar da ita a gaba. Yanzu Liman ya ƙwace masa wannan da dariya guda. In aka yanke ta, taurin kansa ne ya yanke ta. Ya ɗauko hukuncin akuya ya ɗora wa kansa, ya kuma ja 'yarsa ciki.

"Kai ko, Almu," ya ce, "duk kwanakin duniya ba ka ga na zuwa ba sai yau?"

"Na ce ko za ka yi murna."

"Ina murna. Tashi ka zauna can."

Da hantsi ya ɗaga Mai-lofe ya shigo, ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu ya sake wankewa. "Sarkin fawa," ya ce, don haka yake tsokanarsa, "yau yaye." Malam Atiku ya kawo wani ƙyalle zai kare tsakanin fuskar Maccido da ƙafafunsa, Maccido ya ture shi.

"A tada ni in gani. Nama na na."

Almu ya tallafo shi daga baya, shi kuma ya kau da kai yana salati. Aka yi allurar kashe zafi a gindin fatar. Likita ya ɗauki 'yar askarsa, ya gwada wurin da ido, ya ja sau ɗaya, ya bi da almakashi. Duk da tsoron da ke cikinsa sai da Maccido ya lura da hannun, hannu ne mai sanyi wanda ba ya gaggawa ba ya kuma komawa baya, da za a ba shi fiɗa ba zai ɓata fata ba. Kafin ka ce me, abin da ya haɗa ƙafafun nan kusan wata guda ya rabu.

Ɓangaren dama ya ɓalle da jini, ja wur, har Malam Atiku ya yi ta dannawa da auduga likita na ɗaurewa. Maccido bai ko kalli can ba. Idonsa na kan mahon da ke ƙwaurin hagu, wanda yanzu ba shi da kowa sai inda aka kai shi. Bakin mahon da aka yanke a bushe yake, fari-fari, ko ɗigo babu.

"Malam, taɓa shi."

Malam Atiku ya dubi likita, likita ya ɗaga kai. Ya dangwala.

"Ka taɓa?"

"Na taɓa, Baba."

"Ban ji ba. Ba ga hagu ba, ba ga dama ba." Muryarsa ta tashi. "Ta mutu ko?"

"Allura ce, Baba, kada ka..."

"A'a," in ji likita, wanda bai iya ƙarya ba ko da Hausarsa ta gurguje. "Ba allura kaɗai ba. Hanyar ji tana cikin abin da na yanke. Ji zai dawo a hankali, ko ba zai dawo ba. Rashin ji ba mutuwa ba ne."

"To mi na mutuwa?"

Likita ya miƙe. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi, ya jiƙa ƙyalle ya lulluɓe mahon, ya ja kujera ya zauna. Ya laluba aljihu ya fito da lofe, babu wuta babu taba, ya sa a baki yana tauna. Maccido ya daɗe yana karanta fuskar masu ciniki, ya san mutumin da hankalinsa ba ya kwance ko da fuskar ja ce. Daga waje dakan turmin ya tsaya.

"Likita, mi kaka jira?"

"Jini."

"Jini?"

"Daga bakin fata. Idan ya fito, tana da rai."

Maccido ya yi sororo, har ya ɗan manta da kansa. Ai wannan aikin mahauta ne! Sau nawa aka garzayo da shi kan akuyar da ciwo ya kayar, tana kan gargara, ya ɗora wuƙa, masu ita su kewaye shi kowa ya zuba ido? In jini ya yi tsartuwa an ci riba, nama ya halatta. In ya tsaya, ko ya gangaro baƙi a sanyaye, an makara, a ja ta bayan gari.

"Ja ko baƙi?" ya tambaya.

Likita ya zare lofe ya dube shi. "Ja. Baƙi ba shi da kyau."

"Mu ma hakanan muka duba."

"Ku ma? A wurin dabba?"

"Ga wadda ta kusa mutuwa."

"Kuma idan ya ƙi fitowa, me kuke yi?"

"Babu abin da akan yi," in ji Maccido. "Ba a roƙon jini."

Ya faɗi maganar ne kamar yadda ya saba faɗa wa masu akuya, sai da ta fito ya ji nauyinta. Ashe haka suke ji, mutanen nan da yake ce wa su yi haƙuri yana goge wuƙa. Ya dubi yatsun ƙafarsa ta hagu suna leƙowa daga filasta, ya motsa su, suka motsa. Babban yatsan farcensa a fashe yake tun wata saniya da ta taka shi yana saurayi. Bai taɓa sanin yana son yatsan nan ba sai yau. Almu na bayansa sai salati yake yi, har numfashinsa na dukan wuyan Maccido.

Likita ya ɗaga ƙyallen. Babu. Ya sake jiƙawa ya mayar, ya tashi ya je taga, ya dawo. Malam Atiku ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Wata mata ta leƙo da yaro mai tari, ya kore ta da hannu, abin da ba halinsa ba ne.

Da likita ya sake ɗaga ƙyallen, sai ya ɗauki busasshiyar auduga ya goga bakin fatar da ɗan ƙarfi, ya janye hannu. Kawuna uku suka taru a kan ƙwauri ɗaya, Almu kuwa ya runtse ido. Da fari ba komai. Sannan a can kusurwa wani ɗan ɗigo ya tsatso, bai kai ƙwayar gero ba. Ya tsaya kamar mai shawara, ya kumbura. Wani ya tsatso kusa da shi, wani kuma can gaba, har suka haɗu suka yi layi suka fara gangarowa.

"Ja na," in ji Maccido. "Likita, duba da kyau, idona ya tsufa. Ja na ko?"

"Ja ne, Sarkin fawa."

"Alhamdu lillahi!" in ji Malam Atiku da ƙarfi, ya miƙa auduga zai goge don a ɗinke. Maccido ya cafke wuyan hannunsa da irin riƙon da yake yi wa ƙahon bajimi.

"Kada ka goge. A kira mani Bara'atu."

Ba a yi nisan kira ba, ashe tana jingine da bango a bayan ƙofa. Ta shigo da tsakin gero a hannuwanta, fuska a ɗaure, idanu sun yi ja. Ba ta dubi ubanta ba. Maccido ya so ya ce ta yafe masa, amma ga ƙane, ga malami, ga Bature. Sai ya nuna ƙwaurinsa da yatsa.

"Dubi, ɗiyata. Wahalarki ba ta faɗi ƙasa ba."

Ta duƙa don kada ta ƙi bin maganarsa. Ta ga ɗinkin, ta ga inda aka raba, ta ga jinin na bin ƙwauri yana shiga ƙarƙashin filasta. Ta ƙara matsowa. 'Yar ubanta ce, fushin bai hana ta son sani ba. Ta dubi ƙafar dama da aka riga aka ɗaure can gefe, ta dawo ta dubi mahon, ta yamutsa goshi.

"To Baba, an raba ta da dama. Wanga jini daga ina shika fitowa?"

Maccido ya sake duban mahon. Duk tambayoyin da ya addabi asibitin nan da su, wannan ba ta zo masa ba. Ya bi layin jinin da ido har inda ya tsatso, ya ga babu wata hanya da ta rage sai ɗaya. Ƙafar da ta yi shekaru tana wari, wadda ta kore masa masu ciniki, wadda shi kansa ya sha tsine mata a zuci, ita ce ke ciyar da baƙuwar da aka kawo mata. Ya dubi likita, likita ya ɗaga masa kai.

"Daga hagu," ya ce. "Daga wadda anka ce a yanke."

Bara'atu ta goge hannuwanta da zane, ta zauna a bakin gadon, ta kama masa ƙafar da hannu biyu don likita ya ɗinke.